RA'AYINMU: Yadda aka sallami tsohon malami, haka sabo zai riƙe aji

Da zarar watan Yuni ya raba tsakiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, makarantun boko na ƙasar Adar da ƙasar Ƙonni sukan shiga haramar rufewa. Daga Tajaye da Badagishiri a gundumar Illela, zuwa Dogarawa da Galmi a gundumar Malbaza, har Tsarnawa da Bazaga da Allela a gundumar Birnin Ƙonni, al'adar kusan ɗaya ce. A share fili, a kafa rumfa, a aro kujeru, a gayyaci sarakuna da masu gari da sufeton makarantu da iyayen yara. A kira na ɗaya da na biyu da na uku na kowane aji a ba su littafi da alƙalami da sabulu. Daga nan sai a zo kan malaman da wa'adin aikinsu ya cika: a kira sunansu, a tafa, a miƙa musu takardar yabo da turmin atamfa ko shadda, wani lokaci a haɗa da ɗan abin da abokan aiki suka tara. A shafa fatiha, a watse. A inda aka samu halin yin bikin ke nan. A makarantun karkara da yawa babu ko wannan, direkta ya sa kwaɗo a ƙofa, in akwai ƙofar, yara su wuce gona.

Wannan jarida ba ta ƙin biki, ba ta kuma raina turmin atamfa. Mutumin da ya shekara talatin ko fiye yana shaƙar ƙurar alli ya cancanci a tara jama'a a gode masa a gaban idon ƴaƴansa. Abin da muke cewa shi ne, ranar rufe makaranta ranar lissafi ce, kuma lissafin nan ne ba a yi. Ɗan kasuwa ba ya rufe shekara sai ya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita da bashin da ke kansa. Ma'aikacin baitulmali ba ya rufe littafi sai alƙaluma sun daidaita. Makaranta kaɗai ce ake rufewa da kiɗa da jawabi ba tare da wani ya tashi ya faɗa wa iyaye kwana nawa aka yi karatu, malami nawa suka tafi, wa zai maye gurbinsu, da kuma halin da waɗanda aka sallama bara suke ciki a yau ba.

Bari mu fara da su wane ne ke tafiya. Malamin da ke ajiye alli a cikin waɗannan shekaru haihuwar shekarun 1960 ne. Galibinsu sun shiga aiki a tsakiyar shekarun 1980 ko farkon na 1990, bayan sun samu horo a makarantun koyon malanta irin ta Kawsan da ke Tawa, ko ta Askiya Muhammadu da ke Damagaram, ko ta Mali Bero da ke Dosso. A zamaninsu mushen lakwal mutum ne mai daraja a ƙauye: shi ke karanta wasiƙar ɗan ci-rani da ta zo daga Abijan, shi ke rubuta amsa, shi ake kira in takardar hukuma ta iso. Sun kama aiki ke nan ƙasa ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da asusun IMF suka gindaya. Suna cikin aji aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Suna cikin aji aka yi Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Suna cikin aji aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, kuɗin da ke aljihunsu ya zube rabi a kan kuɗin Faransa cikin dare ɗaya, kayan shago suka tashi, albashi kuwa yana nan inda yake.

Duk ma'aikacin da ya rayu a waɗancan shekaru ya san sauran labarin. Albashi ya riƙa makara wata da watanni, bashin albashi ya taru a kan gwamnati bayan gwamnati, ƙungiyar malamai ta SNEN da uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN suka yi ta yajin aiki, har aka kai ga soke shekarar karatu ɗungurungum, yara suka maimaita aji ba da laifinsu ba. Ƴan kasuwar Ƙonni da Illela da Malbaza ma ba su manta ba, domin littattafan bashinsu ne suka ciyar da gidajen malamai a lokacin: buhun hatsi a rubuta, sukari da sabulu a rubuta, sai ranar da gwamnati ta tuna da mutane. Malamai da yawa sun bar aikin a waɗannan shekaru, wasu suka kama kasuwanci, wasu suka shiga siyasa. Waɗanda ake sallama yanzu su ne suka tsaya. Ko don wannan kaɗai ƙasa tana da bashinsu a wuyanta.

Sai kuma tambaya ta biyu, wa zai gaje su? A nan ne tarihin ya kamata kowa ya riƙe, domin ba yau aka fara wannan kuskure ba. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, an kafa ƙa'idar cewa ma'aikaci ya tafi ritaya in ya cika shekara 55 da haihuwa ko shekara 30 a bakin aiki. Malamin da ya fara koyarwa yana ɗan shekara 20 sai ya ga an sallame shi yana da 50, daidai lokacin da hannunsa ya faɗa a kan sana'ar. Sai daga baya aka janye wannan ƙa'ida, dokar ma'aikatan gwamnati ta 23 ga Yuli 2007 ta kai shekarun ritaya 60. Amma kafin nan ƙwararru masu yawa sun riga sun koma gida. A daidai wannan lokaci, a shekarar 1998, aka ɓullo da tsarin malaman sa-kai, matasa masu takardar BEPC ko abin da ya ɗara ta, a yi musu horo na gaggawa a tura su aji, a riƙa ba su jika 35 a wata. Su ne daga baya suka zama malaman kwantaragi, musamman da aka shiga shirin raya ilimi na shekara goma a 2003.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: wannan tsari ya buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba. A shekarar 2000, kusan yaro ɗaya cikin uku ne ke shiga firamare a Nijar. Cikin shekara goma da ƴan kai adadin ya ninka fiye da biyu. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 17, jihar Tawa kaɗai tana da sama da miliyan 3, kuma rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, ba za ta iya jiran a horar da kowane malami shekara da shekaru kafin ta buɗe aji ba. Amma abin da aka kawo a matsayin maganin wucin gadi sai ya zama shi ne ginshiƙin gida. A cikin shekarun 2010, cikin kowane malaman firamare huɗu, uku ko fiye ƴan kwantaragi ne. Da ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Dauda Mamadu Marte, ta yi musu jarrabawar gwaji a watan Yuli 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 cikin 20. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa yaran Nijar ƴan ajin ƙarshe na firamare da suka iya karatu yadda ake bukata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A zagayen 2019 an samu ci gaba, aka kai wajen uku cikin goma. Ci gaba ne, amma har a lokacin yara bakwai cikin goma suna fita aji shida ba su ƙware a karatu ba.

Ba mu kawo waɗannan alƙaluma don mu ci mutuncin malamin kwantaragi ba. Yaron da aka ɗauka aka ba ƴan makonni na horo, aka jefa ƙauyen da bai san kowa ba, aka haɗa shi da yara saba'in ko tamanin a rumfar kara, kuɗinsa kuma ba su zuwa a kan kari, ba shi ne ya tsara wannan hali ba. Da yawansu sun koyi aikin a bakin aiki, kuma sun koye shi ne a hannun tsofaffin nan da muke sallama. Tsohon direkta ne ke duba littafin shirin darasi da yamma, ya gyara da jan biro. Shi ke shiga ajin sabon malami ya zauna a baya ya saurara, in an tashi ya ja shi gefe ya nuna masa inda ya kauce. Shi ya san yadda ake karɓar yaro ɗan ajin CI a ƙasa irin ta Tajaye, inda Hausawa manoma da Abzinawa da Fulani ke zaune gefe da gefe, yaro ya zo da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci a bakinsa ya tarar da Faransanci a kan allo. Shi ya san gidan da za a shiga da sallama a roƙi uba ya bar yarinya ta ƙarasa CM2. Wannan sani ba ya cikin kowane littafi na ma'aikata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar da tsohon nan ya karɓi atamfarsa ya tafi, da sanin yake tafiya, kuma babu wanda ya tanadi hanyar da zai bar shi a baya.

Tambaya ta uku ita ce ta fansho, kuma ita ce ta fi ciwo. Ritaya ba mutuwar fuju'a ba ce. Ranar haihuwar kowane ma'aikaci tana rubuce a takardunsa tun ranar da aka ɗauke shi. Ko waɗanda ba a rubuta haihuwarsu a kan lokaci ba, suka samu takardar alƙali mai cewa an haife su wajen shekara kaza, hukuma ta san shekarar da za ta sallame su. Ke nan ma'aikatar ilimi da ma'aikatar kula da ma'aikata sun san sunan duk wanda zai tafi shekara biyar kafin ya tafi. Duk da haka, abin da tsofaffin ma'aikata suka daɗe suna kuka a kai shi ne tazarar da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Sai an tsaida albashi sannan a fara haɗa takardu: takardar haihuwa, takardar ɗauka aiki, takardun ƙarin girma na shekara talatin, takardar aure da na haihuwar yara, takardar shaidar an tsaida albashi. In ɗaya ta ɓace, a gara ko a ambaliya ko a yawan canjin wurin aiki, sai dattijo ya kama hanya. Daga Ƙonni zuwa Tawa tafiya ce ta sama da kilomita 100, daga Ƙonni zuwa Yamai sama da kilomita 400, ga kuɗin mota, ga masauki, ga zaman jira a ƙofar ofis, alhali ba shi da albashi.

An yi gyare-gyare, ba mu musu. A shekarar 2012 aka yi dokar kafa asusun fansho mai cin gashin kansa, wato CARENI, don ya ɗauki nauyin tsofaffin ma'aikatan gwamnati, waɗanda shekara da shekaru suka saba da karɓar haƙƙinsu wata uku-uku. Amma asusu yana biyan takardar da ta iso gabansa ne a kammale. Aikin kammala ta yana hannun ofisoshin da ke ƙasa, daga na sufeto zuwa na jiha zuwa ma'aikatu, kuma a nan ne lokaci ke ƙurewa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Fansho ba sadaka ba ce, ba kyautar gwamnati ba ce. Kuɗi ne da aka riƙa yanka daga albashin mutum wata bayan wata tun yana saurayi. Wanda aka ba ajiya, ranar da mai ita ya zo ba ya cewa a dawo gobe.

Yanzu a dubi wanda ke zaune a layin baya a wurin bikin sallama, yana tafi tare da jama'a. Malamin kwantaragi ne, mai shekara talatin da ɗoriya, wanda watakila ya shekara goma yana jiran lambar zama cikakken ma'aikaci. Muddin bai samu lambar nan ba, ba ya cikin waɗanda asusun fanshon ma'aikatan gwamnati zai biya. Yana kallon direktansa, cikakken ma'aikaci mai lamba, wanda ya yi wa ƙasa bauta tun kafin a haifi wasu daga cikin iyayen yaran, an sallame shi da atamfa, bayan wata shida kuma ya gan shi a tasha da jakar takardu zai tafi Yamai. Wane darasi ake so ya ɗauka? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Darasin da zai ɗauka shi ne ya nemi mafita tun da sauran ƙarfinsa: ya sayi babur ya yi kabu-kabu, ya kama sayen albasa a Galmi, ya buɗe tebur a bakin iyaka, ya riƙa leƙa aji in ya samu sarari. In jarrabawar shiga kwastan ko jandarma ta fito, shi ne na farko a layi. Ba za mu zarge shi ba. Mu ne muka koya masa, a bainar jama'a, a ranar da muka ce ranar girmama malami ce.

Sauran lissafin shi ne na kwanakin karatu. A takarda, shekarar makaranta tana farawa a watan Oktoba ta ƙare a ƙarshen Yuni, wata tara ke nan. A ƙauyen da ajinsa rumfar zana ce, kowa ya san ba haka abin yake ba. Ba a samun karan yin rumfa sai an gama girbin hatsi, yara kuma suna gona har a kai amfani rumbu, don haka karatu ba ya kankama sai Nuwamba. A ɗaya gefen, ruwan farko da iskar da ke rakiyarsa sukan kwashe rumfar tun ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, iyaye kuma su janye yara zuwa shuka. An yanke shekara kai da ƙafa. A tsakiya a cire ranakun yajin aiki, a cire ranakun da malami ya tafi gari neman kuɗinsa na wata, a cire ranakun kasuwa. Hukumomi da kansu sun ambaci azuzuwan zana wajen dubu 36 a faɗin ƙasa a shekarar 2021, shekarar da gobara ta cinye yara kimanin 20 a makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai ranar 13 ga Afrilu, ta sake cinye sama da 20 a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba. Ajin zana yana cin lokaci kowace shekara, wata shekarar kuma ya ci rai.

An maido da jarrabawar sartifika, wato CFEPD, a shekarar 2024 bayan ta yi kimanin shekara goma a ajiye. Mun yi marhabin da hakan, domin awo ya fi ƙiyasi. Amma jarrabawa ma'auni ce kawai, ba ta ƙara ko tiya ɗaya a buhu. In yaron Tajaye ya yi karatun wata shida aka auna shi da mudun wanda ya yi wata tara a Yamai, sakamakon da zai fito labarin rumfarsa ne da rashin malaminsa. Kuma in ya faɗi, a ƙasar Adar hanya a buɗe take: ci-rani, Najeriya ko Kodebuwa ko Libiya, tun gemu bai fito ba. Yarinya kuwa sai aure, duk da dokar watan Disamba 2017 da ta ce a kare karatun ƴaƴa mata har su kai shekara 16.

Ƴan kasuwa masu karanta wannan jarida kada su ɗauka zancen na ma'aikata ne kaɗai. Yaron da ke riƙe muku littafin shago, da wanda ke cika takardun kwastan a kan iyakar Ƙonni da Illela ta Najeriya, da wanda ke lissafin canjin naira da sefa, da wanda ke ƙirga buhunan albasa da za a ɗora wa mota zuwa Abijan ko Akara, da malamar asibitin da ke karanta takardar maganin iyalinku, dukansu daga hannun malamin firamare suka fito. In ajin ya lalace, ku ne za ku fara biyan kuɗin kuskuren lissafi. Kuma ku ne, kamar a shekarun 1990, za ku ɗauki bashin dattijon da fanshonsa bai fito ba.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa shida, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin hukuma.

Na farko, kowane sufeton makarantu a gundumomin Illela da Malbaza da Birnin Ƙonni ya fitar da sunayen malaman da za su tafi ritaya shekara biyu kafin lokacin, a zauna da kowannensu a duba takardunsa, abin da ya ɓace a nemo shi tun albashi yana shiga. Ofis ne ya kamata ya kai takardu Tawa da Yamai a dunƙule, dattijo ya zauna gida.

Na biyu, ma'aikatun da abin ya shafa su ɗaure kansu da wa'adi a rubuce: watan da albashi ya tsaya, watan da ke biye fansho ya fara. In an saɓa, a san ofishin da takarda ta kwana a cikinsa, a kuma san wanda zai amsa tambaya.

Na uku, kada a bar aji ba malami a tsakiyar shekara. Wanda wa'adinsa zai cika a watan Janairu ko Maris, ko dai a bar shi ya kai yaransa ƙarshen Yuni, ko a turo magajinsa tun Oktoba su yi aiki tare, ya karɓi aji da yara da iyayensu hannu da hannu.

Na huɗu, a daina barin sanin tsofaffi yana tafiya a banza. Wanda ya yi ritaya da sauran lafiyarsa, kuma yana so, a ba shi ƴan makarantu uku ko huɗu na kusa da garinsu ya riƙa zagayawa yana duba sabbin malamai, a biya shi ɗan alawus da kuɗin mai. Tun shekarar 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ragamar ilimin firamare, kuma kantomomin da aka naɗa bayan rusa majalisunsu a watan Afrilu 2024 sun gaji wannan nauyi. Kuɗin da irin wannan aiki zai ci bai kai na biki ɗaya na tarbar manyan baƙi ba. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga matsayin Hausa zuwa harshen ƙasa, malaman da suka koyar a makarantun harshen gida, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, su ne za a fi nema, kuma su ne ke ƙarewa.

Na biyar, a fito fili a faɗa wa malaman kwantaragi matsayinsu: mutum nawa za a ba lamba kowace shekara, da wane sharaɗi, a bisa wane jeri, kuma yaya za a lissafa shekarun da suka yi kafin lambar in ranar ritayarsu ta zo. Na farkon waɗanda aka ɗauka a 1998 sun haura shekara 25 da fara riƙe alli. Furfura ta fara fito musu. Maganar tsufansu ta gobe da safe ce.

Na shida yana hannun iyaye. Kwamitocin kula da makarantu da aka sani da COGES a nan jihar Tawa suka fara kafuwa da ƙafafunsu, a ƙarƙashin shirin Makaranta Don Kowa da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta tallafa tun 2004, inda iyaye ke zaɓen wakilansu da ƙuri'ar sirri, kafin a yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya a 2007. Abin da aka fara a gidanmu bai kamata ya mutu a gidanmu ba. Kowane kwamiti ya mai da ranar rufe makaranta ranar babban taro: direkta ya tashi ya karanta kwanakin da aka yi karatu, yara nawa suka shiga a Oktoba, nawa suka kai Yuni, mata nawa suka fita da dalilin fitarsu, malami nawa ke tafiya, nawa ake jira. Ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe. A yanke shawarar ajin da za a gina da bulo ko da laka kafin Oktoba, masu hali na gari su faɗi abin da za su ɗauka. Bayan an gama wannan sai a raba kyaututtuka, a yi kiɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san amsar da za a ba mu: babu kuɗi, ƙasa tana fama da matsalar tsaro, ta sha takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe iyaka wata da watanni, Ƙonni ta fi kowa sanin zafin hakan. Duk gaskiya ne. Amma fitar da jerin sunaye ba ya cin kuɗi. Duba takardun mutum tun yana bakin aiki ba ya cin kuɗi. Karanta wa iyaye lissafin shekara ba ya cin kuɗi. Abin da waɗannan ke bukata shi ne ma'aikacin da ya ɗauki aikinsa da muhimmanci, da shugaban da zai tambaye shi in bai yi ba. Maganar tsaro kuwa, duk wanda ya san karkara ya san inda masu ɗauke da makamai ke samun yaran da suke ja: a cikin samarin da makaranta ta saki ba karatu ba sana'a. Gwamnatoci sun zo sun wuce tun daga Babban Taron Ƙasa, na farar hula da na soja, kowace ta ce ilimi ne gaba a wurinta. Ma'aunin da za mu riƙa auna wannan magana da shi mai sauƙi ne: a nuna mana dattijon da aka sallama bara, a faɗa mana ko fanshonsa ya fito, a kuma nuna mana wanda ke tsaye a ajinsa.

Ga ƴan'uwanmu ma'aikata da ke zaune a ofisoshin da takardun nan ke bi, muna tunatar da ku cewa kujerar da kuke kai aro ce. Dattijon da ke tsaye a ƙofarku da jakar leda, watakila shi ne ya kama hannunku ya koya muku rubuta harafin farko. Ko ba shi ba ne, wani irinsa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Layin da yake tsaye a kai, kuna tafe a cikinsa.

Ga malaman da suka ajiye alli a bana, a Tajaye da Illela da Badagishiri da Malbaza da Dogarawa da Ƙonni da ƙauyukan da ba a jin sunansu a rediyo, muna cewa sannunku da aiki, Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutun ya zama na lafiya da rufin asiri. Alhakinku yana wuyan ƙasa, kuma wannan jarida za ta ci gaba da tambaya har a sauke shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu damina mai albarka, amin.